Tallar kaya ta taron gida a lokacin matsin tattalin arziki: a ƙara jari ko a ja baya?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a sana'ar tallar kaya ta taron gida. Robobin ajiyar abinci da kayan wanke-wanke nake sayarwa. Wata za ta tara ƙawayenta a falonta, in zo in baje kaya in nuna yadda ake amfani da su, a rubuta oda, ita kuma mai masauki ta samu kyauta gwargwadon cinikin da aka yi. Tun da abubuwa suka tsuke, mutane ba su daina zuwa ba. Falo na cika, ana hira, ana ɗaga kaya ana yabawa. Da an zo rubuta oda sai kowa ta sunkuya kan wayarta. Wadda ta saba ɗaukar saiti guda yanzu ƙwaya ɗaya take ɗauka, ita ɗin ma sai ta ce in jira ƙarshen wata.

Wadda ta shigo da ni ta ba ni shawara biyu: in ƙara sayen kaya don kada matsayina ya faɗi, in kuma dage wajen shigo da sababbi, wai yanzu ne mutane ke neman abin yi. Hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Anti Kwalliya:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kada ki karaya. Ni kayan kwalliya nake yi kuma ban ga abin da ya tsaya ba. Mace ko babu ko sisi za ta nemi abin da za ta shafa ta ji daɗin ranta. Ai shugaban kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder a lokacin, Leonard Lauder, tun 2001 ya faɗa cewa in tattalin arziki ya karye cinikin jan baki ƙaruwa yake yi, don wadda ba ta iya sayen babban abu sai ta huce a kan ƙarami. Ki canja kaya kawai.

Malam Mai Lissafi:
Anti, maganar Lauder lura ce da ya yi da cinikin kamfaninsa, ba doka ba ce. A 2020 da aka rufe baki da takunkumi jan bakin ma ya kwanta. Amma akwai gaskiya a ciki, za mu dawo kanta.

Maman Biyu, abin da kike gani ya taɓa faruwa a fili, har an ƙirga shi. A karayar tattalin arzikin 2008 zuwa 2009, lokacin da rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin ɗari, alƙaluman ƙungiyar kamfanonin saye da sayarwa kai tsaye ta ƙasar sun nuna masu tallar sun ƙaru daga kimanin miliyan 15 zuwa miliyan 16. Jimillar ciniki kuma ta sauko daga sama da dalar Amurka biliyan 30 a 2007 zuwa kimanin biliyan 28 a 2009. Ki haɗa biyun. Masu sayarwa sun ƙaru, kuɗin da ake rabawa ya ragu. Rijiya ɗaya ce, ruwa ya ja baya, ana ta ƙara zura guga.

To shi ya sa in aka ce miki wannan sana'a ba ta jin karayar arziki, ki tambaya: wa take yi wa daɗi? Kamfani yana samun kuɗin rajista da na kayan farawa daga kowace sabuwa. Ta sama, wato wadda ta shigo da ita, tana samun kaso daga odar farko. Ke da kike tsaye a falo kina jiran a buɗe jaka, naki lissafin daban ne.

Yaya Jagora:
Malam, da ganin rubutunka ba ka taɓa tsayawa gaban mata kana nuna kaya ba. Ni ina da mutane a ƙarƙashina, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai wadda mijinta ya rasa aiki, wannan sana'ar ce ta riƙe gidan. Wace sana'a ce za ka fara da ɗan jari kaɗan, babu hayar shago, babu albashin yaro, kuma ka zaɓi lokacin aikinka? Ku masu biro kullum sai kushe.

Malam Mai Lissafi:
Yaya, ban kushe ba. Na yarda ƙofar shiga tana da sauƙi, shi ya sa ma ake cika ta lokacin wahala. Tambayata ɗaya ce: cikin waɗanda kika shigo da su bara, nawa ne har yanzu suke ciniki ga mutanen waje, ba su da kansu ke sayen kayan ba?

Yaya Jagora:
Wanda ya yi aiki ya samu. Wanda ya kwanta kuma ba laifina ba ne.

Hajiya Babba:
Ku yi haƙuri in sa baki, na ga irin wannan lokaci ba sau ɗaya ba a wannan sana'a.

'Yata Maman Biyu, abu na farko da za ki gane shi ne jarinki ba kayan ba ne. Kayan na kamfani ne, kowa na iya samo su. Jarinki ita ce mai masauki. Ita ce take ara miki falonta da mutuncinta da ƙawayenta. Duk wadda ta zo taron ba don ke ta zo ba, don ita ta zo. Tun asali a kan haka aka gina abin. Earl Tupper, wanda ya kafa kamfanin Tupperware, ya fito da robobinsa a 1946 ya kai shaguna suka yi ta zama a kan kanta, domin babu wanda ya san yadda ake danna murfin ya kama. Brownie Wise, wadda ta koyi tallar gida a kamfanin Stanley Home Products, ita ta nuna cewa in mace ta ga an cika roba da ruwa an jefa a tsakiyar falo bai zube ba, kuma a gidan ƙawarta ta gani, za ta saya. A 1951 aka janye kayan daga shaguna baki ɗaya aka koma taron gida. Wato nuni da amana, su biyun nan ake sayarwa.

A lokacin yalwa mai masauki ba ta jin komai in ta gayyaci mutane. A lokacin matsi kuwa gayyatar tana da nauyi. Ta san wance mijinta ba ya aiki, ta san wance tana bin kuɗin makarantar yara. In ta kira su suka zo suka ji an matsa musu, ita za su ƙullata, ba ke ba. Daga nan ba za ta ƙara buɗe miki ƙofa ba, kuma ƙawayenta da kike sa ran ɗaya cikinsu za ta karɓi taro na gaba duk sun tafi tare da ita. Sana'ar nan sarƙa ce, kowane taro shi ke haifar da na gaba. Za ki iya jure taron da ba a yi ciniki ba. Wanda aka tashi babu wadda ta ce "a zo gidana" shi ne abin tsoro.

Ni abin da nake yi a irin wannan lokaci: tun kafin taro nake gaya wa mai masauki ta faɗa wa baƙinta cewa ba dole sai an saya ba, ni ma in na tashi magana da shi nake farawa. Ba na karɓar oda a gaban jama'a. Kowa da takardarta, ta rubuta ta ninke ta ba ni, ko ta turo mini saƙo washegari. Wadda ba ta sayi komai ba babu wanda ya sani. Za ki yi mamakin yadda wannan kaɗai yake sa a sake gayyatarki.

Maman Biyu:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Maganar takardar nan ta shige ni. Amma wadda ta horar da mu cewa ta yi a karanta odar kowa da ƙarfi, wai yana zaburar da saura.

Mai Yawan Karɓar Baƙi:
Bari in ba ki amsa a matsayina na wadda ake yin taron a gidanta, ni ba na sayar da komai. Yana zaburarwa kam, sau ɗaya. Mace za ta sayi abin da ba ta da kuɗinsa don kada a raina ta, ta koma gida da ɓacin rai, gobe in na kira ta ta ce tana da uzuri. Akwai mai tallar da na daina kira saboda wannan ɗabi'a, ga shi kayanta na da kyau. Kuma don Allah ku masu talla ku daina bin baƙina ɗaya bayan ɗaya a waya kuna cewa su shigo sana'a. Na gayyace su kallon kaya ne. In sun dawo suna yi mini ƙorafi ni ke shan kunya.

Wani abu kuma, kyautar mai masauki. Da ciniki ya ragu sai aka ce taron bai kai adadin da ake ba da kyauta ba. Na share gida, na yi hidimar baƙi da kuɗina, a ce mini ban kai ba? Ko ƙaramin abu ne ki ba ta daga aljihunki.

Malam Mai Lissafi:
Daga aljihunta fa kika ce. To bari mu duba aljihun, don nan ne mutane ba sa son leƙawa.

Misali ne kawai, kowa ta sa nata adadin. A ce an yi cinikin 100 a taro, la'adarki kashi 25 ce, kin samu 25. Cire kuɗin mota, kayan gwaji da kika buɗe, littafin hotunan kaya, katin waya, ɗan abin da kika ƙara wa mai masauki, da kai kaya gida-gida. A ce duka sun ci 15. Saura 10. Yanzu ciniki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ya koma 67. La'ada ta koma wajen 17. Amma kuɗin mota bai san an yi ciniki ko ba a yi ba, 15 ɗin nan na nan, in ma bai ƙaru ba saboda hauhawar farashi. Saura 2. Ciniki ya ragu da sulusi, ribarki ta ragu da kashi 80 cikin ɗari. Shi ya sa kike jin kamar kina aiki ba kya ganin komai, alhali falo a cike yake.

Rangwame ma haka. In kika rage wa mai saye kashi 10 na farashi, ba kamfani ne ya rage ba, daga cikin 25 ɗinki ya fita. Kin ba da kashi 40 na abin da za ki samu.

Bashi ya fi duka muni. Kayan 100 da aka ɗauka ba a biya ba, ke kin riga kin biya kamfani 75. Sai kin sayar da irinsa guda uku kafin ki dawo inda kike, ba riba ba tukuna.

Anti Kwalliya:
Malam ka tsorata mu da lissafi 😂 Amma maganar bashi ba za ta yiwu a ce a daina ba. In na ce sai da kuɗi hannu rabin kwastomomina za su gudu.

Hajiya Babba:
Waɗanda za su gudu ɗin, duba littafinki ki ga ko su ne masu biya. Ni ban hana sauƙaƙawa ba, amma akwai bambanci tsakanin a biya kaɗan-kaɗan kafin a karɓi kaya da a karɓi kaya sannan a biya. Ta ba da kafin alƙalami, ta riƙa cikawa, ranar da ta gama ki sa odar. Kuɗinki bai fita ba, zumunci bai ɓaci ba. Bin ƙawa bashi ya fi rasa ciniki ciwo, don za ki rasa kuɗin ki rasa ƙawar, ki kuma rasa falonta.

Anti Kwalliya:
Wannan a roba zai yi, Hajiya. Mai son man shafawa yau take so, ba bayan wata biyu ba.

Hajiya Babba:
To ki rage girman abin da kike ba ta har ya kai wanda za ta iya biya yau.

Mijin Wata:
Ni ba mai sana'ar ba ne, matata ce ta yi. Zan yi magana kan shawarar farko da aka ba Maman Biyu, ta sayen kaya don riƙe matsayi. Don Allah kada ki yi. A gidanmu haka abin ya fara. Kowane ƙarshen wata sai a kira ta a ce saura kaɗan ta cike adadi, in ba ta cike ba za ta sauko, garaɓasar da take samu ta tafi. Sai ta cike da kuɗinta. Garaɓasar ba ta kai kuɗin kayan da ta saya don ta same ta ba, amma a takardar kamfani ana rubuta mata cewa ta yi ciniki, har da taya murna. Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado da saman kabad. Da kamfanin ya fito da sababbin launuka sai na hannunta suka zama tsohon yayi, wasu kuma wa'adinsu ya wuce. Da ta je mayarwa aka ce lokaci ya ƙure.

Abin da ya fi ba ni haushi, a lissafinsu ita ce kwastoma. Da kaya sun bar rumbunsu sun iso gidanmu, su an gama ciniki.

Yaya Jagora:
Allah ya ba ku haƙuri, amma ba kowane kamfani ne haka ba. Kuma babu wanda ya ɗaure ta ya ce ta saya.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya, gaskiya ne ba duka ba ne, kuma akwai ma'aunin da ake bambancewa da shi, ba sai an yi ta jayayya ba. A 1979 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta yanke cewa tsarin kamfanin Amway, mai irin wannan talla, bai saɓa doka ba, kuma dalilanta sun zama abin da ake auna saura da shi: sai mai talla ya sayar da aƙalla kashi 70 cikin ɗari na kayan da ya ɗauka kafin ya cancanci garaɓasa, sai ya sayar wa mutum 10 daban-daban a wata, kuma kamfani zai karɓi kayan da suka rage in mutum ya bari. Duk ukun abu ɗaya suke karewa, kada kaya su taru a gidan mai talla da sunan an sayar. A 2016 kamfanin Herbalife ya yi sulhu da wannan hukuma ya biya dala miliyan 200, aka kuma wajabta masa sake tsarin biyansa yadda mafi yawan lada zai dogara da cinikin gaske da aka tabbatar ga masu amfani da kayan. A 2019 AdvoCare ya biya dala miliyan 150 kuma aka hana shi tsarin hawa-hawa baki ɗaya, wato wanda na sama ke cin kaso daga waɗanda suka shigo da su. Ƙasar Sin ta haramta sana'ar dungurungum a 1998, da ta dawo da ita a 2005 sai ta hana biyan lada a kan shigo da mutane.

Maganar mayar da kaya kuwa, ƙa'idar ƙungiyoyin kamfanonin ita ce kamfanin da yake mamba zai karɓi kayan da ba su lalace ba da aka saya cikin wata 12, ya biya aƙalla kashi 90 cikin ɗari na kuɗinsu, ga wanda zai bar sana'ar. Ba kowane kamfani ne mamba ba, kuma dokar kowace ƙasa daban. Kowa ta ɗauko yarjejeniyar da ta sa wa hannu ta karanta sashen nan yau, kada ta jira ranar da za ta buƙace shi.

Su ma masu saye suna da haƙƙin fasawa a ƙasashe da dama in a gida aka yi cinikin: kwana 3 a Amurka, kwana 14 a Tarayyar Turai da Birtaniya. A lokacin matsi fasawa na ƙaruwa, don haka kada ki kashe la'adar odar da ba ta tabbata ba.

Ƙanwar Kowa:
Sannunku yayye. Ni sabuwa ce, an sallame ni daga aiki kwanan nan, kuma wata ta ce in shigo, har ta turo mini hotunan kuɗin da take samu. Yanzu na karanta wannan duk jikina ya yi sanyi. In shiga ko in bari?

Malam Mai Lissafi:
Ƙanwata, hoton kuɗin da ya shigo ba ya nuna wanda ya fita. Ki nemi takardar da kamfani ke fitarwa mai nuna abin da masu tallarsa ke samu a shekara. Da yawa suna wallafa ta. Kada ki kalli layin sama, ki kalli inda mafi yawan mutane suke, ki kuma tuna ba a cire musu kuɗin da suka kashe ba. Irin wannan talla ga waɗanda suka rasa aiki ba sabuwa ba ce. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, sai da FTC ta aika wa wasu kamfanoni wasiƙun gargaɗi saboda masu tallarsu na yi wa waɗanda suka rasa aiki alƙawarin samun kuɗi da ba su da hujjarsa.

Kuma kada ki taɓa kuɗin sallamarki ko ki ci bashi don kayan farawa.

Hajiya Babba:
Ni ba zan ce kada ki shiga ba, 'yata. Amma gwada kafin ki biya. Ki ari littafin kayan, ki zaga da shi wajen mutanen da ba danginki ba, don dangi saboda kunya za su saya. In kin samu waɗanda suka ce suna so a farashin da ke rubuce, har wasu suka yarda su tara miki mutane, to akwai sana'a. In kowa ya ce "yana da kyau amma na ga irinsa da araha", kin samu amsarki ba ki kashe komai ba. Kuma kada ki ɗauke ta a matsayin madadin albashi. Ki ci gaba da neman aiki.

Yaya Jagora:
In kowa ya bi wannan shawara babu wanda zai fara komai a duniya. Ni da na shiga ban tsaya wannan bincike ba, kuma alhamdu lillahi. Maman Biyu, maganar shigo da mutane da ake ta zagi, ita ce fa ke sa ki samu ko ranar da ba ki fita ba. Mary Kay Ash da ta kafa kamfaninta a 1963 ai da mata 'yan kaɗan ta fara, da ba su shigo da wasu ba da ina za a san su?

Hajiya Babba:
Jagora, ni ma na shigo da mutane, ba haramun ba ne. Amma wa za ki shigo da ita? Kullum wadda ta fi son kayan ake fara yi wa tayi, wato kwastomarki mafi kyau. Ranar da ta sa hannu kin rasa la'adar kashi 25 da kike samu a kanta, kin koma karɓar ɗan kaso kaɗan. Kuma su wa za ta sayar wa? Ƙawayenta, waɗanda su ne ke zuwa taronki. A lokacin yalwa wajen na iya ɗaukar ku biyu. Yanzu fa? Ni in zan shigo da wata a wannan yanayi, sai wadda take da jama'ar da ƙafata ba ta kaiwa: wata unguwa, wani wurin aiki, wasu mutane daban. Kuma sai na zaunar da ita na nuna mata lissafi irin na Malam kafin ta biya ko kwabo. In ta ga lissafin ta ce ta ji ta gani, bismillah.

Yaya Jagora:
Wannan na yarda da shi. Ba na son a ce duk wanda ke sama macuci ne, shi ke nan.

Maman Biyu:
Babu wanda ya ce haka Yaya. Malam, ka ce za ka dawo kan maganar Anti.

Malam Mai Lissafi:
Eh. Gaskiyar da ke cikin maganarta ita ce kayan da ke ƙarewa sun fi jure wahala. Man shafawa da sabulu suna ƙarewa a dawo. Roba mai kyau kuwa shekaru take yi, ingancinta shi ke hana a sake saye. Tupperware da kansa, da ya ɗan farfaɗo a 2020 lokacin da kowa ke girki a gida, bai ɗore ba. A 2022 ya kai kayansa shagunan Target, a watan Satumban 2024 kuma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Bashi ya yi masa yawa, ga robobi masu araha a ko'ina, ga saye ta intanet. Duk wadda ke wannan sana'a ta sani yanzu baƙuwarta na iya duba farashin irin kayan a waya tana zaune a falon, kafin ki gama bayani.

Ke kina da kayan wanke-wanke, su ne masu ƙarewa. Ki duba littafinki ki ware sunayen da suka taɓa dawowa da kansu ba ki kira ba. Su ne ainihin sana'arki. Ki san lokacin da kayan kowace ke ƙarewa ki tuna mata. Wannan ba ya cin kuɗin mota.

Anti Kwalliya:
Kun ga ai ni na faɗa tun farko 😄 Kuma ku koma yin taron ta WhatsApp ko Facebook, babu kuɗin mota babu hidimar baƙi. Ni yanzu rabin cinikina can ne.

Mai Yawan Karɓar Baƙi:
Anti, ni dai in aka jefa ni cikin rukunin talla ba a tambaye ni ba, fita nake yi nan take. A falo aƙalla na ga mutane, na taɓa kayan da hannuna. A waya me ya bambanta ki da sauran masu turo hotuna?

Hajiya Babba:
Ku duka kuna da gaskiya, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Waya ta dace da wadda ta riga ta san kayan tana son ƙari. Sabuwar kwastoma kuwa sai ta gani da ido. Ni na rage yawan taro, na rage yawan mutane, ina zaɓar masu masauki da gidajensu ke kusa da juna don in kai kaya a fita ɗaya. Na daina ɗaukar manyan saiti zuwa taro, don ganinsu kawai na sa mace ta ji ba ajinta ba ne. Abin da nake nunawa shi ne wanda zai rage mata kashe kuɗi, kamar abin da ke hana ragowar abinci lalacewa ko sabulun da ake sirkawa ya daɗe. Amma fa sai in da gaske yana ragewa. In kika ce zai yi wata uku ya ƙare a wata ɗaya, a wannan lokaci da kowa ke ƙirga kwabo, ba za a yafe miki ba.

Maman Biyu:
Na ɗauko yarjejeniyata na duba. Akwai sashen mayar da kaya, amma an rubuta sai wanda zai fita gaba ɗaya. In matsayina ya faɗi kuma la'adata za ta ragu kaɗan, ba korata za a yi ba. Ɗalibar Shari'a, in na mayar da kaya na fita, su waɗanda suka ba ni kafin alƙalami fa?

Ɗalibar Shari'a:
Ke suka ba, ke za su bi. A mafi yawan waɗannan yarjejeniyoyi mai talla ba ma'aikaciyar kamfani ba ce, mai zaman kanta ce, don haka kuɗin da kika karɓa a hannu yana wuyanki. Ki kammala odarsu ko ki mayar musu kafin ki rubuta takardar fita. Ki kuma duba ko za a cire garaɓasar da aka riga aka biya ki a kan kayan da za ki mayar, yawanci ana cirewa, har daga ta sama da ke.

Mijin Wata:
Shi ya sa ta sama ba za ta taɓa gaya miki akwai wannan sashe ba.

Yaya Jagora:
Ni ina gaya wa nawa.

Ƙanwar Kowa:
Yaya, to wadda ta gayyace ni na tambaye ta takardar abin da masu talla ke samu, ta ce in fara biyan rajista tukuna za a turo mini. Haka ake yi?

Yaya Jagora:
A'a. Ba haka ake yi ba. Kada ki biya.